Faifai na Biyu

Har gobe idan na ji mutum ya kafa hujja da cewa ai ya gani a fim, sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. 'Ya'yana sun sani, shi ya sa suke rage muryar talabijin da zarar sun ji sallamata. Suna zaton fim na tsana. Ni kuwa ba ruwana da fim. Wasu manyan mutane masu gemu nake tunawa, da rabin fim ɗin da suka kalla a Guangzhou, da bawan Allahn da suka yanke wa hukunci da shi.

A ƙarshen shekarun casa'in na fara zuwa garin, lokacin soja na mulki a gida. Takalma nake sarowa a kasuwar Zhanxi Lu in kai Kano. Ba mu da yawa a wancan zamani, ta Hong Kong muke shigowa a jirgin ƙasa, kuma idan ka tsaya a bakin tasha sai mutane su yi maka zobe suna kallo, wani ma ya shafi hannunka ya duba yatsansa ko baƙin ya fita. Yare bai dame mu ba, ana yin ciniki da yatsa da na'urar lissafi. Ciki ne ya dame mu. Muna tsoron namansu, don haka sai mutum ya yi ta cusa burodi da shayi har ya fara ganin jiri a shagon takalmi.

Wadda ta cece mu wata bazawara ce 'yar Zangon Kumasi, muna ce mata Hajiya. Kayan mata ta zo saye a kasuwar Baima, ta ga garada suna ramewa a tsaye, sai ta kama ɗaki a saman wani tsohon bene bayan tasha ta ɗora tukunya. Tuwon shinkafa take yi, da miyar kukar da kowa ke sako mata a jaka idan zai taso daga gida, nama kuma a wajen Musulmin garin take sayowa. Hausarta ta Kumasi ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta, muna tsokanarta tana ɗaga mana ludayi. Bayan azahar falonta yake cika. Akwai talabijin a kan wani kwali, da na'urar kallon faifai, irin ƙananan faya-fayen nan masu ƙyalli da suka fara yayi a lokacin.

Babbanmu a wurin wani Alhaji ne mutumin Kano, attajirin jakunkuna, masana'antun garin Shiling ke yi masa kaya. Shi ke raba rigima, shi ke jan salla idan mun haɗu, shi ke zama a kujera ɗaya tilo da ke falon, mu kuwa muna tabarma. Ba zan ce ba shi da alheri ba. Amma irin mutanen nan ne da idan magana ta fita daga bakinsu to ta zauna ke nan, ko da a kan abin da ba su taɓa gani ba ne.

Sai kuma mutumin da nake son ba da labarinsa. Daga ƙasar Maraɗi yake, tsohon ɗan dambe ne, ya ba arba'in baya. Wani ɗan kasuwar garinsu ne ya zo da shi don ɗaukar kaya, kasuwa ta juya wa maigidan baya ya koma, shi ya zauna. Aikinsa ɗaurin dila. A sayo takalma ko jakunkuna, shi zai jera su a buhu, ya danne, ya zagaye da igiya, ya kai wa masu jirgi. Dilar da ya ɗaure ba ta kwancewa har Kano, sai an sa wuƙa. Ba shi da yawan magana. Hannunsa na dama ya fi na hagu kauri a fili, duk tabon kara ne, wato igiyar da 'yan dambe ke naɗe dunƙulen hannu da ita. Ina ganin hannun nan na gane shi, domin ni ɗan mahauta ne, a kafaɗar babana na fara kallon dambe. Na yi masa ɗan kirari irin na fili, ya dube ni ya yi murmushi. Tun daga ranar nake ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini ɗan kwata.

Kowa ya san abin da ke tsakaninsa da Hajiya tun kafin su biyun su yarda sun sani. Shi ke hawo mata da tukunyar gas da buhun shinkafa a matattakalar nan mai karya ƙugu. Ita kuma idan ta zuba masa tuwo sai ka ga malmalarsa ta fi ta kowa tudu, saboda naman da aka binne a ƙarƙashi. Da magana ta fito fili aka tuna ba ta da kowa a ƙasar, sai Alhaji ya ce shi ne waliyyinta. Aka sa rana bayan babbar salla. Mutumin da ba a cika ganin haƙoransa ba sai ga shi yana waƙa ƙasa-ƙasa yana ɗaure dila. Auren nan shi ne duk abin da yake da shi a duniya, shi da sunan da ya yi na mutumin da ake bar wa kaya a tafi a yi barci.

Alhaji ne ya sayo fim ɗin, a wajen wani mai baza faifai a ƙarƙashin gadar da ke kusa da tasha. Tsohon fim ne na Amurka, marar launi, na dambe. Irin faifan nan fim ɗaya a faifai biyu yake zuwa, a kalli na farko a cire a sa na biyu. Na farko ya yi lafiya lau. Wani saurayi ne ɗan talakawa mai ƙarfin hannu, yana son wata mai ɗinki a unguwarsu. Sai wani dillalin dambe mai malafa da taba mai kaurin rake ya ɗauke shi, ya saya masa kwat, ya sa shi a mota. Bayan dillalin akwai 'yan daba, su ma da kwat, masu magana ta gefen baki. Yaro ya yi ta kayar da maza har ya kai babban wasa. Dab da wasan dillali ya shigo ɗakin da yake shiri, ya ajiye masa ambulan a kan benci, ya nuna masa ƙasa da yatsa. Yaro ya daɗe yana kallon ambulan ɗin, sannan ya ɗauka. Budurwar tana bakin ƙofa, ta gani, ta juya ta tafi. Nan faifan farko ya ƙare.

Aka sa na biyu, sai ga wata 'yar China da lema tana yawo a bakin teku tana waƙa. An yi kuskuren faifai. Da yake ni ne ƙarami, ni Alhaji ya tura in canjo. Mai faifai ya watsa hannu ya ce "meyo", wato babu. Na yi ta komawa yana ta ba ni meyo, har ya zamana da ya hango ni yake fara girgiza kai.

Saboda haka rabin fim muka mallaka, kuma rabin nan aka yi ta maimaitawa kullum bayan tuwo. Alhaji ke fassara, don ya ce yana jin Turancin Amurka, ko da yake na lura abin da dillali ya faɗa ranar Litinin ba shi yake faɗa ranar Laraba ba. Abin da ba ya canjawa shi ne hukunci. Da faifai ya tsaya sai Alhaji ya gyara zama ya ce:

"Ya sayar. Ba sai mun ga na biyu ba. Duk ɗan dambe haka yake, ƙarfin a hannu ya tsaya, bai kai zuciya ba."

A gaban Yaya yake faɗin haka, yana sakace. Ni raina yana ɓaci, Yaya kuwa bai taɓa tankawa ba. Shi ba labarin yake bi ba, ƙafafun 'yan damben yake kallo. Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai, kuma a matattakala ya faɗa mini.

"Ɗan kwata, wanga wane irin dambe na? A kashe mutum shi tashi, a koma kashe shi shi koma tashi, wani na tsaye yana mishi ƙidaya kamar buhun gero?"

Wanda bai taso a filin dambe ba ba zai gane abin da ya dame shi ba. A dambenmu babu ƙirga. Gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa ƙasa, ko da na ƙiftawar ido ne, to an kashe ka, haka ake cewa, wasa ya ƙare. Ba a tambaya ko naushi ne ya kai ka ko tuntuɓe. Kai da kanka za ka miƙe ka bar fili tun kafin mai rabon faɗa ya buɗe baki. Wanda ya tsaya gardama bayan ya sha ƙasa, makaɗa ma juya masa baya suke yi. Na taɓa ganin ƙato yana hawaye yana fita da ƙafarsa saboda wata 'yar tsakuwa da ta zame da shi, kuma ranar ya fi wanda ya kashe shi samun tafi.

Namu dillalin ba shi da malafa. Wani ɗan China ne mai sheƙin gashi, tafintan Alhaji a Shiling, da wayar hannu maƙale a ƙugu don kowa ya gani. Wata rana ya ga Yaya ya saɓa dilar da ta gagari mutum biyu, ya tambaya, aka ba shi labarin dambe. Idonsa ya yi ƙyalli. Ashe masana'antar da ke yi wa Alhaji jakunkuna za ta buɗe sabon gini, za a yi biki, kuma shi aka ba shirya wasanni. Ya ce me zai fi kyau a ce ga ɗan damben Afirka ga yaron garin a kan dandamali, hotuna su shiga ko'ina.

Yaya ya ce ya kwance kara da daɗewa. Amma mai masana'antar, wanda suke kira lawban, wato maigida a yarensu, ya riga ya yi wa Alhaji alkawarin za a fara ɗinka kayansa kafin na kowa, ga salla na matsowa, kasuwar jaka na jira a gida. Alhaji ya kira Yaya gefe, ya dafa kafaɗarsa.

"Don girmana za ka yi. Wasa ne kawai, a yi dariya a tashi."

A gaya mini yadda mutum zai ce a'a ga wanda zai ba shi mata.

Da safe muka cika ƙaramar bas muka nufi Shiling. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi, ka fita wanka kana gumi. A farfajiyar masana'anta an kafa dandamali da igiyoyi, ma'aikata sun yi dafifi, har kan rufi. Masu rawa da kan zaki suka yi tsalle-tsallensu, aka kunna wasan wuta mai toshe kunne, lawban ya yi jawabi. Ni kuwa idona yana kan daɓen dandamalin. Don tallar kayansu, sun shimfiɗe shi da fatar robar da suke jakunkuna da ita, ja mai sheƙi. Na taɓa da hannu na ji santsi. Na faɗa wa tafinta, ya dafa ni yana dariya ya ce babu matsala, wannan ita ce mai lamba ɗaya.

Suka sa wa Yaya safar dambe a hannu biyu. Ya dubi na hagun ya ce mini, "Sun ruhe mini garkuwa." A dambe hannun hagu a buɗe yake, da shi ake tarewa, da shi ake auna nisan abokin karawa. Tafinta ya zo ya yi masa bayanin doka, turmi-turmi za a yi da ƙararrawa, wanda ya faɗi za a ƙirga masa, in ya tashi a ci gaba. Alhaji ya maimaita masa da Hausa. Yaya ya ɗaga kai. Ba zan ce ba a gaya masa ba, an gaya masa, ina tsaye.

Abokin karawarsa saurayi ne, Yaya ya kusa haifarsa, siriri mai sauri. Aka buga ƙararrawa. Yaya ya ware ƙafa, ya rusuna, ya miƙa hagu gaba, ya ja dama can baya kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Ma'aikata suka bushe da dariya. Yaron ya yi ta zagaya shi yana tsikara, Yaya bai motsa ba sai idonsa. Can ya saki damar nan. A kafaɗa ta sami yaron, amma sai da igiya ta tare shi. Dariya ta ɗauke. Ni ban san lokacin da na fara kirari da ƙarfi ba, a tsakiyar Shiling, babu kalangu babu maroƙi.

A turmi na biyu gumi ya riga ya jiƙa fatar robar. Yaya ya sake kai hannu, yaron ya kauce ya same shi a gefen wuya. Ba wani bugun kirki ba ne. Amma ƙafar Yaya ta gaba ta zame, gwiwarsa ta dama ta dangwali ƙasa. Nan take ya miƙe, alƙalin wasa ko ɗaga yatsa bai kai ga yi ba. Yaron ya gyara tsayuwa yana jira, kowa yana jira. Yaya ya sauke hannuwansa. Ya taka ya je ya kama hannun yaron ya ɗaga sama, ya ciji igiyar safar ya zare ta, ya ajiye a kusurwa, ya sunkuya ta tsakanin igiyoyi ya sauko.

Na ji kamar babana yana tsaye a bayana. A duk taron nan ina jin ni kaɗai na san abin da na gani, domin sauran sai fito da ihu suka kama yi, wasu na jifa da kwalin taba. An ce ma'aikata sun yi caca a kan wasan, kuma mafi yawansu baƙon suka zaɓa bayan sun ga naushin hannun daman nan. Lawban ya tashi fuska a murtuke, bikinsa ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ko kallon Alhaji bai yi ba da zai wuce.

Mutanen can suna da al'ada, duk wanda ya yi wasa a biki ana ba shi tukuici a jan ambulan. Na ga an ba masu rawar zaki, na ga an ba masu ganga, na ga an ba yaron da aka kara da shi. Tafinta ya zagayo bayan dandamali inda Yaya ke goge jiki, ya miƙa masa nasa da hannu biyu. Yaya ya karɓa da hannu biyu ya ce "shiye-shiye", wato na gode, kamar yadda ladabin garin ya tanada. Daidai lokacin Alhaji da mutanensa suka ɓullo.

Muka shiga bas muka hau babban titi. Sannan Alhaji ya yi magana, ko juyowa bai yi ba.

"Me aka sa maka a ciki?"

Yaya bai gane ba. Ni na gane, na riga shi amsawa.

"Ranka ya daɗe, tukuici ne, kowa an ba shi. Har masu rawa."

"Masu rawa ba su bar rawarsu a tsakiya ba," in ji Alhaji. "Mutum lafiyarsa ƙalau, ya tashi garau, ya cire safa ya fito, sai ga ambulan a bayan fage. Mu yara ne? Mun san irin wannan. Mun gani."

"A ina kuka gani, Alhaji?"

Wani daga baya ya amsa mini, babu ko kunya: "A fim mana."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce gwiwa ta taɓa ƙasa, kuma a dambe shi ke nan. Na ce wannan ba dokar wata ƙasa ba ce, tamu ce, a bayan gidajenku ake yinta duk kaka. Mutanen nan sun san yadda ake ƙirga wa Bature, sun san ma'anar tawul idan aka jefa shi, sun haddace fuskar kowane ɗan daba a faifan nan, amma abin da ake yi a garin da aka binne cibiyarsu sai suka mayar da shi tatsuniyata. Alhaji ya ce an gaya masa doka, kuma ni ɗan mahauta ne, dole in kare nawa. Aka yi dariya.

Sai a lokacin Yaya ya buɗe baki, kuma sau ɗaya ya yi.

"Alhaji, na ji dokarsu. Amma gwiwata ta taɓa ƙasa, kowa ya gani. In na koma bugun yaron ga bayan anka kashe ni, na zama maƙaryaci. Ban taɓa yi ba, ba a Shiling zan hwara ba."

Ya miƙa hannu ya ajiye ambulan ɗin a cinyar Alhaji, ba a ko buɗe shi ba. Alhaji ya karkaɗe riga, ambulan ya faɗi a ƙasan bas. Ya ce ai haka marar gaskiya yake yi idan an kama shi. Har muka sauka babu wanda ya ɗauka.

Na san abin da ke cin Alhaji. An mayar da kayansa ƙarshen layi, salla za ta wuce jakunkunansa na Shiling. Yana bukatar wanda zai ɗora wa, kuma ba zai ɗora wa kansa ba, ba zai ɗora wa lawban ba. Wannan na fahimta, ko da yake ban yafe ba. Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne 'yan amshi, mutanen da Yaya ya sha kwana a kan kayansu yana gadi ba su taɓa rasa ko igiyar takalmi ba. Aka fara cewa wanda ya sayar da faɗa zai sayar da dila. Ɗaya bayan ɗaya suka janye kayansu suka kai wa 'yan garin. Ni na ci gaba da ba shi nawa, amma takalmana nawa suke? Sannan Alhaji ya aika wa Hajiya cewa shi ba zai ɗaura mata aure da mutumin da ake saye ba, ta nemi wani waliyyin.

Hajiya ta kira ni kicin ta ce in yi mata bayanin dambe. Na yi mata, har da durƙusawa ina nuna mata da gwiwata. Ta saurara, ta ce ta ji. Na tabbata ta so ta yarda. Amma a falonta ake zama, a kan tuwonta ake maganar kullum, kuma faifan nan bai daina juyawa ba, kullum sai ta ga mai ɗinkin nan ta tsaya a bakin ƙofa ta juya. Ita ma mace ce ita kaɗai a ƙasar mutane, kuma masu maganar su ne cinikinta.

Wata rana da hantsi Yaya ya hawo mata da tukunyar gas, ina biye da shi da ledar albasa. Ta tare shi a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Malam, ni kaɗai, ka gaya mini gaskiya. Ko an ba ka ne, ni ba zan fasa ba."

Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Na ga bayan wuyansa ya sandare. Ya shiga kicin ya sauke tukunyar, ya haɗa mata tiyo, ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar yana duba ko iska na fita, kamar yadda ya saba. Ya wanke hannu, ya yi mata sallama ya sauka. Ranar ba a ga malmalarsa a falo ba, kuma ba a sake gani ba.

Kafin salla ya bi wani ɗan kasuwar Yamai da zai koma. Ni kaɗai na raka shi tasha. Na yi ta zagin mutane yana jina, shi bai zagi kowa ba. Da zai shiga ya ce, "Ɗan kwata, ka ce ma Hajiya ta riƙa duba tiyon ga, ya tsuhwa." Iyakar saƙonsa ke nan. Na isar, ta juya mini baya ta ci gaba da tuƙi.

Na koma Kano, na sayar da takalmana, na dawo bayan wasu watanni. Ina wucewa ta ƙarƙashin gada sai na ji ana kira, "Lawban, lawban." Mai faifai ne, yana ɗaga wani faifai yana washe baki. Ya samo na biyun. Na tsaya ina kallon abin, na kusa wucewa, sai na ce bari dai a ga ƙarshen abin da aka rushe auren mutum a kansa.

Bayan azahar na kai falon Hajiya. Alhaji na kan kujerarsa, jakunkunansa sun daɗe da isa, har an sake yi masa wasu. Aka yi murna, aka matso, aka sa faifai. Saurayin nan ya hau dandamali, dillali na zaune a gaba da tabarsa. Aka kayar da shi, aka ƙirga, ya tashi. Aka sake kayar da shi, dillali na nuna masa ƙasa da yatsa, ya sake tashi. A ƙarshe shi ya yi nasara, fuska duk jini. Ya sauko ya ciro ambulan ɗin nan ya jefa a cinyar dillali, ba a ko buɗe shi ba. 'Yan daba suka tare shi a lungu suka yi masa dukan kawo wuƙa. Mai ɗinki ta same shi a asibiti ta riƙe hannunsa, kiɗa ya tashi.

Na bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya ina jira. Ba na neman a yi kuka, ba na neman a aika Maraɗi. Mutum ɗaya kawai nake so ya ambaci wanda ba ya nan. Alhaji ya cire hula, ya goge ido da hannun riga, wallahi da gaske hawaye yake yi.

"Ashe namiji ne," in ji shi. "Kai, mun ɗauki alhakin Baturen nan. Allah Ya yafe mana."

Suka amsa da amin, suka hau yabon Bature, wannan na cewa shi dama tun farko ya ga alamar gaskiya a idonsa. Na buɗe baki, amma abin da ya taso mini ba mai faɗuwa ba ne a gaban manya, kuma Hajiya ta riga ni. Tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ban san tun yaushe ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, wannan da kake wa kuka, biyansa aka yi ya nuna gaskiya. Yana gamawa ya wanke fuska ya tafi gida wajen matarsa. Nawa mutumin fa?"

Ta tako ta ɗauke kwanon da ke gabansa, da sauran tuwo a ciki, ta bi na kowa ta ɗauke, ta zare wayar talabijin daga bango. Babu wanda ya yi gardama. Suka nemi takalmansu suka sauka, har da Alhaji, yana ta gyaran murya a matattakala.

Ni na tsaya na tattara sauran kofuna na bi ta da su kicin. Na same ta a gaban tukunyar gas, gwiwa a ƙasa, tana shafa wa tiyo ruwan sabulu.